Launin Kuɗɗin Yaya Labbo

Yayana Labbo manomin albasa ne a Ƙonni, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irin nasa ba. Abu guda ya sa gaba a duniya, ya kai Innarmu Barira Makka. Niyya mai kyau, ban musa ba. Hanyar da ya bi ce har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A farkon shekarun tamanin, albasarsa duka Illelar Najeriya yake kai ta, ya dawo da naira. Lokacin naira na da ƙarfi, in ka ba shi sefa sai ya karɓa da yatsa biyu, ya ce kuɗɗin 'yan lakwal ne, na yaran makaranta. Cikin wani gwangwanin madara babba yake tarawa. Da gwangwanin ya kusa cika, har Sakkwato ya tafi ya sayo wa Inna farin yadi kamu goma na shiga jirgi. Ta naɗe shi ta sa ƙasan akwati.

Sai ga shekarar tamanin da huɗu. Sojojin Najeriya sunka canza launin takardun naira, sunka rufe boda, sunka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsohuwa banki. Yaya Labbo ya hau jaki ya bi ta daji da gwangwaninsa. Kwana uku yana layi a bakin banki, ranar da ya kai ga taga anka ce masa wa'adi ya cika jiya. Takardun nan a hannun matarsa Hadjara sunka ƙare, tana ƙunsa wa mutane yaji da su.

To, wani da ya sha wannan sai ya ce takarda ba abin ajiya ba ce. Shi Yaya Labbo karatun da ya ɗauko daban ne: kuɗɗi ba su mutuwa sai an canza musu launi. Ya koma sefa, wadda yake zagi jiya, yana yabonta wai tana da Faransa a bayanta. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya biya wurin Ɗan'azumi mai canji a bakin tasha, ya fiddo takardar jika guda, wato sefa dubu, daga aljihu, ya kara ta da sabuwa ya duba. In launi ya zo ɗaya sai ya tafi gida hankali kwance. Shekara tara yana wannan, har 'yan tasha sunka sa masa suna Sufeton Launi, shi kuma yana jin daɗin sunan.

Ƙarshen shekarar casa'in da uku kuɗɗin kujerar Makka sunka cika. Inna ta tsufa, sai da sanda take kai kanta bakin ƙofa. Ni ina sayar da atamfa a kasuwa, ina jin abin da ake faɗi, ana ta raɗe-raɗin za a karya darajar sefa. Shi kansa Ɗan'azumi, mutumin da kuɗɗi ne sana'arsa, siminti da shinkafa yake ta saye yana jibgewa. Na sami Yaya na roƙe shi ya hau mota gobe ya tafi Tawa ya biya kujerar nan a huta. Ya ce sai ya cire albasa ya ɗinka riga, don ba zai shiga ofishin alhazai kamar mai neman sadaka ba, kuma yana son unguwa ta san ranar da ya tafi. Na ce Yaya, siminti fa Ɗan'azumi ke saye. Ya ce ni mace ce, atamfa na sani.

Cikin watan Janairu rediyo ta faɗa, an karya darajar sefa da rabi. Kasuwa ta rikice, masu kanti sunka rufe don su sake farashi. Yaya Labbo ya ruga tasha da jikarsa, ya kara ta da ta Ɗan'azumi a cikin rana, gaba da baya. Launi ɗaya. Wallahi har goro ya saya ya raba, yana yi wa mutane dariya wai sun firgita a banza. Ɗan'azumi ya so ya yi masa bayani, Yaya ya ce masa ya bari, shi an taɓa yi masa, ya san yadda abin yake.

Bayan sati biyu ya sa sabuwar riga, rabin unguwa ta raka shi tasha. A Tawa ya zube ƙunshinsa gaban akawun da ke rubuta alhazai. Akawun ya gaya masa jirgi da masauki da kuɗɗin waje ake biyansu, kujera ta ninka. Yaya ya zaro takarda guda ya ce a duba da kyau, ba a canza ta ba.

"Launi yana nan, Malam," in ji akawun. "Amma rabin kujera ka kawo."

Ina tsakar gida da la'asar ya shigo, rigar duk ta yamutse. Na shirya masa maganganu tun safe, amma da na ga fuskarsa na kasa. Ya durƙusa gaban Inna ya kwance ƙunshin. Ta shafa takardun, ta tambaya ko an sace wasu, ya ce a'a. Ko an canza launi irin na wancan karon, ya ce a'a. Ta ce to mene ne ya same su? Sai ya ce ta ba shi shekara huɗu, albasa na da kasuwa.

Inna ta yi dariya kaɗan, ta ce in jawo mata akwati. Ta fiddo farin yadin nan na Sakkwato, ya yi shekara goma a naɗe, ta miƙa mini.

"Mariyama, wanke shi ki ajiye kusa," ta ce. "In bai shiga jirgi ba, akwai tafiyar da ba a biyan kujera."

Da damina munka yi mata likkafani da shi. Kamu goma ne, ya isa har ya yi saura.