Magaryar Iya Sabuwa

"Ba ciyawa ba ce, hankufa ce. Goge ka gyara!"

Iya Sabuwa ta ɗora sandarta kan takardar ma'aikacin awon fili. Maƙwabciyarta Ma'u, wadda ke tallabe da ita, ta rasa inda za ta sa fuskarta don kunya, amma a ranta daɗi take ji.

Wata uku ke nan da sojoji suka koma bariki, sabon kansila ya ƙyalla ido kan gonar tsohuwar a bayan Ƙofar Sauri. Takarda ta ce babu komai a wurin sai ciyawa, don haka za a share a yanka filaye. Shekara arba'in Iya tana tsinkar magani a nan.

"Ga sabara ta masu jego, ga rai-ɗore, ga yaɗiya can ta hau magarya. Soja bai tashe ni ba, sai mai babbar rigar da na dangwala ma ƙuri'a? Tahi ka hwaɗa mashi!"

Daga ranar Iya ta kwanta ciwo. Kullum Ma'u sai ta tsinko mata ganye, ita kuwa ido a rufe ta shinshina ta faɗi sunansa. In Ma'u ta yi kuskure, ta sha faɗa kamar na mutum mai lafiya.

Ranar Talata da hantsi Iya ta cika. Masu wankan gawa suka ce a sayo garin magarya a kasuwa. Ma'u ta ce ba da ita ba, ta yafa gyale ta nufi gona.

Ta tarar da katafila ta riga ta cinye sabarar, ta doshi magaryar. Zuciya ta ɗebi Ma'u, ta tsaya a gaban katafilar.

"Baiwar Allah, matsa!" in ji direban, Ɗanliti.

"Kashe ta. Mai wurin na kwance tana jiran wanka."

Ya kashe, ya sauko, ya kai hannu ga wani icce zai taya ta tsinka.

"Wannan aduwa ce," ta ce. "Ko iccen ba ku sani ba, kuka zo kashe shi."

Ya daɗe yana kallonta tana tsinka, ƙaya na tsaga mata yatsu. Can ya ce, "Iccen da za a yi ma gawa wanka da shi, ba da hannuna ba." Ya juya katafilar baya.

A gida Ma'u ta daka ganyen ta zuba a ƙwarya. Ruwan ya yi kore, kumfa ta taso a hankali.