Hajiya Dela a Bayan Tudu

Ranar Asabar ce, farkon watan Mayu. Jidda ta tashi da zafin nan mai danƙo da teku ke hurowa, wanda mutum zai fito daga wanka ya ji kamar bai yi ba. Ƙarfe biyu da rabi na rana Abdulmajid yana tsaye a bakin titi a unguwar Sharafiyya, riƙe da ƙofar wata farar Landkuruza, yana jiran surukarsa ta shiga. Ita kuwa Hajiya Dela ta tsaya can gefe, ta kafa ido a ƙasa kamar wadda ta yar da allura.

"Abban Rim, saki ƙofar nan," in ji matarsa Asma'u ƙasa-ƙasa, tana kiransa da sunan 'yarsu Rim. "Inna ba za ta shiga motar da kake ciki ba. Ka sani sarai."

Ya sani, amma bai taɓa ganewa ba. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarsa ma a kunne take, in ta zo baki sai ta cakuɗe da Larabci. Kwana goma sha biyu ke nan da Hajiya ta zo Umra daga Azare ta sauka gidansu, bai taɓa ganin ta kai loma baki ba. In ya shigo falo ta nan, ta fice ta can. Sunansa kuwa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, iyakarta ta ce wa 'yarta, "Ki gaishe shi."

"To wai har yaushe za a yi haka?" ya tambaya.

"Har abada," in ji Asma'u tana dariya. "Inna fa gara mata mutuwa da ka ga kanta ba ɗankwali."

Shi ya shirya wannan fitar. Jibi Litinin Hajiya za ta wuce Madina, ziyarar da ta shekara tara tana jira, daga can sai gida. Yana so kafin nan ta ga wani abu da za ta ba da labari. Sai ya samo masu kai baƙi yawon buɗe ido cikin hamada: a hau tuddan yashi da mota, a ga raƙuma, a sha gahawa a tanti, a dawo bayan magariba. Motoci biyu ne. Jagoran tafiyar, mai suna Turki, wani dogon Balarabe mai furfura a gemu, shi ke jan ta gaba. Ta baya kuma wani direba ne, Meshari, mai yawan surutu da son kiɗa. Hajiya da Asma'u suka shiga ta Meshari tare da wasu mata 'yan Indunusiya. Abdulmajid ya shiga ta Turki.

Bayan garin Usfan suka bar kwalta. Direbobin suka sauka suka rage iskar tayoyi don kada su nutse, sannan aka faɗa cikin yashi. Mota ta riƙa hawa tudu kamar za ta taɓa sama, ta tsaya cak a kan tsini, ta sulalo a karkace, mutane na salati da ihu.

Da la'asar aka tsaya a wani kwari tsakanin tuddai don salla da hotuna. Abdulmajid na sallamewa ya hango Asma'u duƙe a jikin taya tana amai. Ya ɗaga murya ya ce wa Turki, "Ni na koma wajen matata!" Ya kama ta ya shigar da ita mota, ya zauna kusa da ita yana mata fifita da kwali. Yana shiga, Hajiya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta ɗauki gorar ruwa ta fita. Bai ko ɗaga kai ba. Abin da ya saba gani ne kullum a falonsa.

Can sai iska ta fara kaɗawa. Turki ya dubi arewa, inda sama ta yi ja kamar ƙasar gini, ya tafa hannu. "Yalla, yalla! Kowa mota!"

Meshari ya shigo, ya duba madubi. "Ina Hajja?"

"Tana motar Turki," in ji Abdulmajid. "Ba ta zama inda nake. Al'adarmu ce."

Har da ɗan alfahari ya faɗa, yau ga shi yana yi wa wani bayanin al'ada. Meshari ya yi dariya ya ce, "Ina ma tawa surukar haka take," ya ba mota wuta.

Minti arba'in suka yi kafin su iso tantin. Iska ta riga su isowa, tana ta fizgar igiyoyi, raƙuma sun gurfana sun juya mata baya. Abdulmajid ya tsaya yana kallon motar Turki ana fitowa. Wani Bature da matarsa. Wasu samari biyu. Turki ya rufe ƙofofi.

"Ina Hajja?" Abdulmajid ya tambaye shi.

"Wace Hajja? Ba tana wajenku ba?"

Abdulmajid ya ruga. Ya leƙa motar, ya duba har bayan kujeru, kamar mutum zai ɓuya a can. Da ya juyo, Asma'u na tsaye da jakar uwarta a hannu. Wayar Hajiya na ciki, da maganin suga, da dabino a ƙulle cikin leda.

"Ban ɗaki ta zaga," Asma'u ta ce. "In akwai maza a wuri, sai ta yi nisa sosai. Abban Rim, wa ya ce tana waccan motar?"

Abdulmajid ya dubi ƙasa. Meshari ya dube shi, ya kau da kai.

Turki bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi tsorata Abdulmajid. Ya ɗauki rediyon mota ya kira jami'an ceto, ya karanta musu lambobin wurin da aka tsaya. Suka ce jirgi ba zai tashi cikin wannan iska ba, motocinsu kuma sai nan da awa ɗaya da rabi.

"Shekararta nawa?" Turki ya tambaya.

"Sittin da huɗu," in ji Asma'u. "Kuma tun safe ba ta ci komai ba." Ba ta faɗi dalili ba. Abdulmajid ya sani: yau bai fita aiki ba, a gida ya wuni.

Su huɗu suka koma a mota ɗaya. Hanya duk ta shafe, sawun tayoyinsu na ɗazu babu ko ɗaya, sai na'urar da ke gaban Turki ce ke nuna musu inda za su. Da ya taka burki ya ce nan ne, Abdulmajid bai yarda ba. Wurin da ya yi salla ɗazu ya zama wani wuri dabam. Tuddan sun yi kama da juna, kowanne yana zubar da yashi daga kansa kamar hayaƙi.

"Ku saurare ni," in ji Turki. "Meshari zai zauna yana danna oda. Ni da 'yarta mu yi gabas, kai ka yi yamma. Inda ka daina jin oda, nan ne iyakarka. Ka ji? Ba na son in nemi mutum biyu."

Abdulmajid ya zura dabinon a aljihu, ya naɗe fuska da rawani, ya shiga. Yashi na dukansa kamar ana watsa masa allurai. Taku uku gaba, biyu su zame baya. "Hajiya!" Iska ta ƙwace kiran tun bai yi nisa ba. "Hajiya Dela!"

A bayan tudu na biyu ya ga gorar ruwan, rabinta ya nutse, murfinta a rufe, da sauran ruwa a ciki. Ya ɗauka. Gaba kaɗan ga takalmi ƙafa ɗaya, silifa mai ruwan ƙasa da Asma'u ta saya mata a unguwar Bani Malik. Ya tsaya ya kasa kunne. Odar na zuwa can ƙasa-ƙasa, kamar kukan sauro. Ya ci gaba. Ya hau wani tudu, ya bi ta bakin wani rami mai zurfi yana kira, ya zagayo, ya sake bi. Ƙasan ramin ba ya ganuwa, yashi ya turnuƙe shi. Sai can ya lura ya daina jin odar, kuma bai san tun yaushe ba.

A nan ya ga wani abu yana kaɗawa jikin wata busasshiyar ƙaya. Hijabinta ne, shuɗi, ya yage tun daga wuya. Da ya fizgo shi, ɗankwalinta ya faɗo daga ciki.

Ya durƙusa a kan yashi. Ya ga kansa tsaye gaban Asma'u da tsumma a hannu. Ya ga ana buga waya Azare. Maganar da ya yi a mota ta dawo masa da muryarsa, har da ɗan alfaharin. Ya buɗe baki zai sake kira, sai wani sauti kamar na akuya ya fito.

Yana durƙushe yana juya ɗankwalin a hannu, dariyar Asma'u ta bakin titi ta faɗo masa. Gara mata mutuwa.

Ya dubi ɗankwalin. Ya dubi ramin da ya bi ta bakinsa har sau biyu yana ihu da muryarsa ta namiji, shi kaɗai, babu mace tare da shi.

Ya miƙe a hankali ya je bakin ramin, ya juya masa baya. Hijabin ya yage, ba zai yi sutura ba, sai ya tuɓe farar jallabiyarsa, ya rage daga shi sai singileti da wando. Ya tattaro duk Hausar da yake da ita.

"Hajiya, ni ne. Na juya baya. Wallahil azim idona a rufe yake. Ga rigata a hannuna. Ba sai kin yi magana ba, tari kawai za ki yi."

Iska kawai.

"Hajiya, ni na ce musu kina ɗaya motar. Ni na sa aka tafi aka bar ki. In kika mutu a nan, ni na kashe ki, kuma da wane ido zan kalli Asma'u? Ki ji tausayina. Don Allah, don Annabi."

Ya tsaya, idonsa a runtse. Ya ƙirga numfashi goma. Ya ƙirga ashirin. Ya fara tunanin ko da gawa yake magana.

"Abdulmajid."

Muryar ta fito daga ƙasa, a dushe, kamar ta tsufa da shekara ashirin.

"Ta hagunka. Bi a hankali, bakin yana zubewa."

Da baya ya sauka, a zaune, yana jan jiki, hannu ɗaya miƙe a bayansa da rigar. Ya ji an karɓa. Ya jira, yana jin motsinta da nishinta.

"Juyo."

Tana jingine da gangaren, yashi ya binne ta har cinya. Ta zura jallabiyar, ta ja wuyan ta rufe kai. Leɓɓanta sun tsage. Da ya tone yashin, ya ga zanenta ya kece, idon sawunta na dama ya juya inda bai kamata ba. Ta cire hijabi ne za ta yi alwala, iska ta fizge, ta bi shi, bakin tudu ya rufta da ita. A taƙaice ta faɗa, tana kallon gefe.

Ya ba ta ruwan, ya ɓare dabino ya miƙa mata. Ta riƙe shi a hannu ba ta ci ba. Sai ya gane, ya sake juya baya, har ya ji ta tofar da ƙwallon.

"Je ka kira mini ita," ta ce, tana nufin Asma'u.

"La, a'a, Hajiya. In na bar nan ba zan sake gane wurin ba. Halas, shi ke nan, goya ki zan yi."

Ya tsuguna a gabanta. An daɗe kafin ya ji hannuwanta a kafaɗarsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma hawa ramin nan sai da ya faɗi sau uku, kowace faɗuwa ta cije ba ta yi ƙara ba. Da suka fito sama, rana ta zama wani jan tabo a cikin ƙura, ta kusa faɗuwa. Babu oda, babu sawu. Ya juya nan, ya juya can, tsoron ɗazu ya dawo masa sabo.

"Ban san ina motar take ba," ya ce.

"Da na taho, iskar a kunnena na dama take," in ji ta daga bayansa. "Sa ta a hagunka, ka miƙe."

Ya sa ta a hagu, ya miƙe. Tudu ɗaya, tudu biyu. A kan na uku ya ji odar, sannan ya hango fitilun mota, da wata mace tana gudu tana faɗuwa tana tashi.

Washegari da hantsi ya je asibiti da kwanon abinci. An ɗaure ƙafar, likita ya ce mako shida ba takawa. Yana sallama Hajiya ta ja mayafin gado ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Ya ajiye kwanon zai fita ya ba ta wuri, sai ya ji ta ce wa Asma'u, "Ki ce masa ya zauna."

Ya zauna a kujerar bakin ƙofa.

Abin da hamada ta ci a wannan fita, ga shi: takalmi ƙafa ɗaya, da tabarau, da carbin da Hajiya ta zo da shi daga Azare. Muryar Abdulmajid, ta kwana uku. Ziyarar Madina, ta bana dai. Sai farar jallabiya guda, wadda Hajiya ta sa aka wanke, ta ninke da hannunta ta saka a ƙasan akwatinta. Ba ta ce komai a kanta ba, shi ma bai tambaya ba.