Layukan Sirinji

"Baba, ja min sha biyu in gani," in ji nas ɗin, ta miƙa masa sirinji da 'yar kwalbar maganin suga.

Tsohon direba ya karɓa. Shekara huɗu ke nan shi ke yi wa matarsa allurar nan kowace safiya, tun da hannunta ya fara karkarwa. Yau da hantsi ya tarar da ita yashe a ƙofar kicin, gumi sharkaf, tana maganar da ba kai ba gindi. Likita ya ce sugan ne ya faɗi warwas, saura ƙiris a rasa ta. Ga ta nan kwance an ɗaura mata ruwa. 'Yarsu kuwa tana hanya, ta riga ta faɗa a waya cewa in an sallami uwarta gidanta za ta wuce da ita.

Ya ɗaga sirinjin wajen taga, ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido. Layukan suka cakuɗe masa kamar jerin tururuwa. Sai ya yi abin da ya saba, ya ja har inda babban yatsansa ya san ana tsayawa.

Nas ta duba. Ashirin da huɗu.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi ya fi sauƙi. Ta tambaya ko an sauya sirinji. Ya ce sirara sun ƙare a kanti, kwana uku ke nan yana amfani da masu kauri irin wannan da ke hannunsa. Ta nuna masa cewa tsawon ɗaya ne, amma mai kauri ninki biyu yake ɗauka. Wato da hannunsa ya yi ta ɗura wa matarsa abin da ya kusa kai ta kabari.

Mutumin da har gobe yake karanta lambar mota daga ƙarshen layi! Bara da 'yarsa ta kawo masa tabarau, dariya ya yi, ya ce ta kai wa masu zaman ofis. Nas ta ce ganin nesa daban, na kusa daban, kuma in shekaru suka ja ba wanda ke tsira. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa.

"Na sani ai," in ji matarsa a hankali. "Shekara guda ina ganin kana miƙe hannu."

"Shi ne kika yi shiru?"

"An karɓe maka makullin mota, Malam. Allurar nan kaɗai ta rage maka."

Nas ta ciro nata tabaran da ke rataye a wuyanta, na mata ne, ja, har da 'yan duwatsu a gefe, ta ce ya gwada. Ya karɓa ya saka. Layukan suka rabu ɗaya bayan ɗaya, kowane da lambarsa ɓaro-ɓaro. Ya mayar da maganin cikin kwalba, ya sake ja. Sha biyu cif.

Ya juya zai nuna wa matar, sai idonsa ya sauka a damtsenta. Wurin da yake sokawa kullum ya yi baƙi, ya yi tauri, duk tabo a kan tabo. Bai taɓa gani ba. Ya ɗora yatsa a kai a hankali, ya tambaye ta ko yana mata zafi.

"Ba kullum ba," ta ce.

Daga waje ya jiyo muryar 'yarsa tana tambayar ɗakin da aka kwantar da mahaifiyarta. Hannunsa ya tafi da sauri zai cire jan tabaran kafin ta shigo. Ya taɓa shi, ya dubi damtsen nan, sai ya gyara masa zama a kan hancinsa.