Sunan da Gogo Ta Faɗa a Kaset

…kuma ai ba ita ta faɗa ba, Gogo ce ta faɗa da bakinta, gaban Turawa, gaban kamara, gaban Yaya Amina ita kanta. To me ya rage? Tani tana murza ƙullin masara tsakanin tafukanta, ta danna shi da gindin kwano, ya baje, ta ɗaga ta shimfiɗa kan kasko. Wani. Wani kuma. Hannunta ya san aikin, ba sai ta duba ba. Kaset ɗin yana can ɗaki bisa telebijin, cikin kwalinsa, tun da ya iso daga ƙasar Turawan ba ta bari an saka shi ba. Yohanna, mijinta, ya yi magiya har ya gaji. A'a. Sai kowa ya zauna. Abin da ta ji da kunnenta, leƙen me za ta yi masa a ɓoye?

Maganar guda ce, kuma yau za ta ƙare. Gogo, uwarsu — kowa Gogo yake ce mata, har su da ta haifa — nan za ta zauna, gidan Tani, bakin asibitin mishan, ko kuwa Amina ta mayar da ita ƙauyensu Garhanga? Tun da aka cire mata yanar ido take nan. Ta yi ƙiba. To, ba ƙiba ba… ta dai cika. Ga likita kusa, ga famfo, ga wuta. Garhanga me? Duwatsu, da rijiya mai nisa, da amalanke zuwa Keita in ciwo ya tashi. Amma jiya Amina ta iso da mijinta Mahdi, an gama girbi, ta zo da tsarabar wake da fuskar nan tata ta wadda ta riga ta gama shawara tun a hanya. Motar Keita gobe da safe. To madalla. Su ci, su sha, su kalla.

Tortiya. Haka Madam Lois take kiran abin, nas ɗin nan 'yar Meksiko da Tani ta yi wa girki tun tana budurwa, kafin ta shiga ikilisiya, kafin Yohanna. A dafa masara da toka, a wanke, a wanke, a wanke har ɓawon ya saki, a markaɗa. Matan unguwa suna ce mata wainar da ta ƙi tashi. Su ce mana! Wace ce a cikinsu ba ta turo kwano ba ranar Kirsimeti? Ga wake nan an dafa an dame an soye da mai, ga tumatir da albasa da barkono an yanka ƙanana an matse lemun tsami, ga cukun Buzaye ta kankare a faranti — Madam da kanta ta ce ya fi na ƙasarsu, ko dai kara ce ta yi mata, oho. Naman kuwa daga wurin Iro mahauci, yankan Musulmi, gaban idon Mahdi ta sayo da safe don kada a ce. Ta toshe ko'ina. Ta san yayarta.

"Ku yi rayuwarku kamar ba ma nan" — haka tafintansu ya ce bara, da Turawan telebijin suka sauka lokacin zafi. Wai ba wasan kwaikwayo ba ne, mutane na gaske suke so, gida na gaske. Kamar ba sa nan? Ƙato yana tsaye a kanka da doguwar sanda, an ɗaura mata wani abu mai gashi kamar mushen zomo, yana lilo bisa tukunyarka, wai kamar ba ya nan! Amma ta gane su da wuri. In gida lafiya lau, suna gindin bedi suna shan shayi. Murya ta ɗan tashi, sai ka ga kamara ta hau kafaɗa. Rigima suke so, kamar yadda kaza take son tsaki. Kuma sun samu, don lokacin Amina tana nan tana jinyar Gogo, kuma Amina ba ta iya ajiye magana ta huce.

Wannan tortiyar ta ƙone. A ba kaji.

Bakin murhun nan aka yi ta. Ke kin raba ta da danginta, ke kin bar ta ta makance a ƙauye, ke kaza, ke kaza… Sai tafinta ya durƙusa gaban tsohuwa, bandeji a idonta ɗaya, ya ce, Gogo, cikin 'ya'yanki wa kike so ki zauna wurinta, Amina ko Tani? Shiru. Shiru mai tsawo, har kurciya ta yi kuka ta sake. Sannan: "Tani." Ƙarara. Tani tana tsaye cikin atamfar Zumuntar Mata ta ikilisiya, ta gyara ɗaurin kallabi, idonta kan jar fitilar kamara, ta ji daɗi ya tsarga mata har tafin ƙafa. Daɗi dai, me za a ɓoye? Amina ta ce ba haka aka yi ba. Shekara guda tana cewa ba haka aka yi ba. To yau kaset zai faɗa mata yadda aka yi.

Saura abin sha. Zoɓo ya huce, ga citta, ga na'a-na'a, ga ƙanƙarar da Yohanna ya roƙo daga firigon asibiti tana ta zufa cikin buhu. A goga lemun tsami bakin kofi, a kifa shi cikin gishiri, ya fito da farin baki. Koktel, ta faɗa da ƙarfi. Kalmar tana mata daɗin faɗa. A gidan Madam baƙi wasu sukan nemi kwalbar giya su zuba a ciki ba sa samu, don Madam ba ta ajiyewa, ita ma ba ta ajiyewa, gidan dattijon ikilisiya ne nan. Amma ga Mahdi ya leƙo daga gindin bedi inda maza suke, yana shinshina kamar ɗan duwan mai binciken kaya a bakin iyaka.

"Ke ƙanwata, kalmar ga na san ta tun Abijan. Mi anka sa ciki?"

"Soɓorodo na, Malam, da lemu da citta. In ka bugu, ni ka goya ka har Garhanga."

Ya yi dariya, ya kurɓa, gishirin ya kama masa gashin baki, ya sake kurɓa. Guda ya faɗo. Dama Mahdi ba shi ne matsalar ba, mutumin kirki ne, duk inda aka ajiye shi nan zai zauna.

La'asar ta yi sanyi, baƙi sun yi sallarsu, maza sun cinye nasu a waje — Gogo ba za ta kai loma baki gaban surukai ba ko za ta kwana da yunwa. Yanzu an ja labule. Mata kan tabarma. Mahdi a bakin ƙofa, rabinsa ciki rabinsa waje. Yohanna durƙushe gaban bidiyo, ya juya wa Gogo baya, ita ma ta kau da kai, haka suke zaune lafiya tun da ta zo. Amina ta naɗe tortiya yadda aka nuna mata, wake yana zubowa ta gindi, ta tare da yatsa. Ta tauna. Ta haɗiye. Ta ɗauki ta biyu. Ka gani? Wadda ta ce abincin mishan ba ya riƙe ciki! Tani ta ƙi zama, tana tsaye da tire, mai gida ba ta zama, kuma daga nan ta fi ganin fuskar kowa.

Kiɗa. Hanyar kwalta, motocin albasa, ƙofar asibiti. Wata mace tana magana da Faransanci, murya kamar wadda aka yi wa rasuwa. Sai ga gidanta — kai, haka katangar nan ta tsage? Me ya sa ba wanda ya gaya mata? — ga ta nan, ga ta nan! Atamfar ta fito. Kallabin ya zauna. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, ko Amina ba za ta musa ba. Muryarta ce dai… haka take magana, sama-sama, kamar mai tallan kifi? Na'urarsu ce. Tabbas na'urarsu ce.

Sun yanke wurin da suka yi dariya tare kan ɗan akuyar da ya shiga cikin wayoyinsu. Sun yanke ranar da Amina ta yi mata kitso. Rigimar ce kawai, an jera ta kai da kai kamar su biyun ba su taɓa yin wani abu ba sai faɗa. Ba komai. Ba ruwanta. Su yanke abin da za su yanke, kalmar nan guda dai ba za su yanke ba, don ita suka zo nema. Macen tana ta Faransancinta, Mahdi ya ce mi take cewa, Yohanna ya ce surutu ne kawai, amma keyarsa ta yi tauri. Ta san keyar mijinta. Wani abu aka faɗa marar daɗi, game da uwa da babbar 'yarta.

Ga shi nan. Ga murhu. Ga tafinta ya durƙusa. Yaya, buɗe kunne.

Amma kamarar ba kanta take ba. Ita ai ta ɗauka… ai jar fitilar ita take kallo, ko? A'a. Gefen atamfarta kawai ya shigo, da gwiwar hannu. Gogo ce ta cika gilashin, Gogo da bandejinta, da Amina a bayanta kan turmi, ta juya kai tana kallon katanga. Amina ko Tani? Shirun nan. Ashe ba shiru ba ne. Leɓen tsohuwa yana motsi, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa kamar mai laluben ƙaya a harshe. Hannunta kuma — yaushe? — ya zame baya, ƙasa-ƙasa, ya kama gefen zanen Amina, ya dunƙule shi. Yana riƙe. Yana riƙe har ta ce, "Tani."

To ta faɗa! Kowa ya ji. Mahdi ya ji, Yohanna ya ji. Yanzu lokaci ya yi da za ta ajiye tiren ta ce, to Yaya, kin ji da kunnenki. Ta shirya maganar tun da kaset ya iso, har da inda za ta sassauta murya don kada ya zama gori. Bakinta ya buɗe.

Amina ko Tani.

Wane suna za ta faɗa?

'Yar fari ce fa. Yaushe Tani ta taɓa jin sunan Amina a bakin Gogo? Yaushe, tun tana rarrafe? Waccan. Ku kira waccan. Ku kai wa waccan. Har 'yar maƙwabta mai sunan, takwarar waccan take ce mata. Ba ta kiranta, ba ta yabonta, ba ta kallonta ido cikin ido, ranar aurenta ma bayan rumbu ta je ta yi kukanta. Kunyar ɗan fari — wa bai san wannan ba a duk ƙasar Adar? Turawa ba su sani ba, tafintansu ɗan birni ko ya sani bai damu ba. Ita fa? An ba tsohuwa sunaye biyu, ɗaya ne kawai zai iya fita. Ko wuƙa aka sa mata a wuya, Tani za ta ce. Ko cikin barci aka tambaye ta.

A'a, amma… ta yi ƙiba a nan. Ta cika. Tana cin tortiya, tana ma so, da miyar kuka take dangwalawa. Ba ta taɓa cewa a kai ta gida ba. Ta taɓa? Wa za ta ce a kai ta wurinsa?

Hoton ya matsa. Yanzu fuskar Amina ce kaɗai, babba, ta cika telebijin, don sun ga hawaye sun bi shi. Ƙashin kumatu, tsagar gado, layin da ya tsaga goshi. Amina ta gaske tana nan kan tabarma ta sunkuyar da kai, rabin tortiya a hannu, ba ta ce kin gani ba, da ma ta faɗa da ya fi sauƙi. Gogo kuwa ta ja jiki. Ta ja har gwiwarta ta sauka daga tabarma. Idon nan da likita ya buɗe, idon da Tani ta ɗiga wa magani safe da yamma, ya kafe kan gilashin ko ƙiftawa ba ya yi. Tana kallon Amina. Kallo sosai, daga goshi har haɓa, a hankali, ba kunya, don ai akwati ne, ba wanda zai ce ta kalli 'yarta. Tunda Tani take a duniya ba ta taɓa ganin wannan kallon ba. Ita kullum ana kallonta, ana kiranta, Tani kawo, Tani zo, amma ba irin wannan ba.

"Waccan ta rame," in ji Gogo, can ƙasa, ba da kowa take ba.

Hoton ya wuce. Motocin albasa kuma, macen da Faransancinta. Ƙanƙara ta narke cikin kofuna, gishirin yana gangarowa, tiren ya yi nauyi, yaushe ya yi nauyi haka? Kafaɗunta, bayanta, tun asuba take tsaye. Tana son ta zauna. Ba wuri kan tabarmar sai tsakaninsu.

"Ke Tani." Gogo ba ta juyo ba. "Hwaɗa mai shi maido min wurin ga."

Yohanna ya ji, ai yana nan, amma ba da shi aka yi ba, surukuwa ba ta yi wa suruki magana kai tsaye. Yatsansa yana bisa maɓallin mayar da kaset baya. Ya ɗago ido yana jiran matarsa. Mahdi yana jira. Amina ba ta ɗago ba. Kalma biyu ce, maido mata, kuma in ta faɗa ta san abin da ta faɗa, ta san wa za ta ɗaure wa kaya kafin gari ya waye, da maganin idon, da bargon, da… wa zai riƙa ɗiga mata? Amina ba ta iya ba. Sai an koya mata. Sai an nuna mata yadda ake ɗaga fatar idon a hankali, a hankali…

"Tani," in ji Gogo kuma.

Sunan yana fita da sauƙi. Kullum da sauƙi yake fita.