Digin da Bibata Ta Auna Babu Kogi

Bibata ta dawo Gaya daga Yamai da takardar injiniya, sai manoman shinkafa suka ɗora mata tambaya ɗaya: digi, wato ganuwar ƙasar da ke tare Kogin Isa daga gonakinsu, zai jure ambaliyar bana, ko su bar dashe su koma ɗibar yashi don ƙarfafa shi? Kawunta Sallau, shugaban koperatif, ƙungiyar manoman, shi ya kai ta gaban mutane, yana ta washe baki.

Ta zana digin a ordinater, wato kwamfuta, ta yayyanka shi gutsi-gutsi, dubbai, don injin ya auna ƙarfin kowane. Amma shirin da ke yankan yana fitar da komai a haɗe, layuka da fuskokin waje da gutsattsarin ciki, shi kuwa shirin lissafin ya ƙi karɓa. Kwana uku tana fama, har ta fara zagin ordinater kamar yana ji. Ta kira Lawali, abokin karatunta.

"Fidda na ciki kawai, zubar da sauran," ya ce.

Ta yi haka, lissafi ya tafi sumul, digi ya fito shuɗi gaba ɗaya, alamar lafiya. Ranar Juma'a ta ce da manoma su yi dashensu. Suka yi.

Bayan mako biyu, tana shirya rahoto, ta nemi adadin matsin ruwa. Sifili. Fuskar da kogi ke dannawa tana cikin abin da ta zubar, ashe digin da ta auna babu ruwa a jikinsa. Ta mayar da fuskar, ta sake lissafin. Kwanar digin da ke bayan gonakin ta yi ja wur, alamar haɗari.

Ta hau kabu-kabu, kunya da tsoro sun cika ta. Ta tarar da Kawu Sallau cikin taɓo har gwiwa, kogi kuwa ya riga ya hau.

"Kawu, na yi kuskure. Wurin ga ba ya riƙewa."

Ya dubi shinkafar.

"Kwana nawa muka da shi?"

"Ban sani ba, Kawu."

Ya fito, ya wanke hannu, bai dube ta ba.

"Irin shinkafar mutane duka yana cikin ƙasa, ɗiyata, kuma da bakina suka zuba shi. Wuce mu tai, ke za ki hwaɗa musu."