Shirun Minti Biyar

Karo na tara ke nan ta kafa tsinin sandar ƙarfen a kan kwalta, ta manna kunne a ƙoƙon katakon da ke samanta, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa. Abin da ya hauro mata ta cikin ƙarfen ba ruwa ba ne. Injin markaɗe ne ke gurnani, janaretan shagon aski na tari kamar tsoho mai mura, gudumar mai walda na dukan ƙarfe, sai kuma wata babbar mota da ta wuce har ta kaɗa mata haƙora. Ta ɗago ta ja tsaki.

"Injiniya, me ƙasa ta ce?" in ji direban katafila daga saman kujerarsa. "In labarin mai daɗi ne a ɗan gutsura mana."

Leburori suka kwashe da dariya. Ba ta ko kalle su ba. Ta duba agogo: sha ɗaya da minti ashirin.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ruwa na ɓulɓulowa a mararrabar da ke gangaren layin, gidajen gaba kuwa famfunansu sai huci. Shugaban sashen gyara na hukumar ruwa ya zo da safe, ya ga inda ruwan ke fitowa, ya ce a tona nan. Ita kuma a gaban kowa ta ce masa ruwa ba ya fitowa a inda bututu ya fashe. Ramin bututun yake bi ya gangara, har sai ya sami inda ƙasa ta yi masa laushi. In aka fasa mararrabar, za a lalata sabuwar kwalta a tarar da bututu lafiya ƙalau.

Shugaban ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To, mai ilimi. Ƙarfe sha biyu ake rufe ruwan layin nan daga tasha, kuma kin fi ni sanin bututun da ba ruwa ba ya kuka. Ki nuna min wurin kafin lokacin. In ba haka ba katafila ta shiga mararraba, ke kuma ki koma teburinki."

Teburin shi ne teburin koke. Shekara biyu ta yi a bayansa da digirinta a jaka, tana cike fom ga mutanen da suka shigo da zagi a baki. Fom ɗin tambaya ɗaya ya sani: a ina aka ga ruwan? Can ta koyi yadda ake kallon bakin mutum yana motsi ba tare da an bar maganar ta shiga ba, don in ta shiga ba a iya cin abincin rana. Mako uku kacal ke nan da aka ba ta hular kwano da wannan sanda a kan gwaji. Ta yi wa kanta alkawari, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta komawa kujerar nan.

Kunnenta kuwa ba a makaranta ta same shi ba. A ƙarƙashin keken ɗinkin Umma ta yi rarrafe. Tun tana 'yar shekara shida takan ce, "Umma, allura za ta karye," kafin a ƙirga goma sai a ji ƙas. Abin da take buƙata yanzu shi ne layin nan ya rufe bakinsa na minti biyar.

Ta fara da mai walda. Ta nuna masa katin aiki, ta yi masa bayani da Hausar ofis.

Ya ɗage baƙin gilashinsa. "Daga hukumar ruwa? Ikon Allah. Ashe kuna nan da rai. Mu ai har mun manta kamannin ruwanku." Ya mayar da gilashi, ya ci gaba da duka.

Mai aski ya nuna mata kan da ke gabansa, rabi tas rabi daji. "Hajiya, in na kashe janareta haka zai fita? Matarsa ma ba za ta buɗe masa ƙofa ba."

Mai markaɗe ko jin ta ba ta yi ba. Bakin Injiniya kawai ta ga yana motsi, ta girgiza kai, ta nuna jerin bokitan da ke jira.

Sha ɗaya da minti talatin da biyar. Gumi ya bi ta ƙarƙashin hular ya shiga mata ido. Ta tsaya a tsakiyar titi, sanda a hannu, tana jin kowane sauti daban kamar ana tsira mata shi: ƙahon babur, ƙugin injin mai faci, rediyo uku kowanne da tasharsa. Can ƙasa shugaban ya jingina da mota yana danna waya, alamar ya riga ya gama da ita.

"'Yata."

Wani dattijo ne a wata rumfar katako mai daɓen siminti, a saman layin. Rediyoyi sun kewaye shi har rufi, wasu cikinsu a buɗe. Yana riƙe da sukundireba, tabarau a kan karan hanci.

"Zo nan. Sandar nan taki, jin ciki take yi?"

"Ita ce, Baba. Amma a wannan hayaniyar ko aradu ce a ƙasa ba zan ji ba."

"Minti nawa kike so?"

"Biyar."

"Kin tambaye su da kati a hannu." Ya yi murmushi. "Mutanen layin nan ba sa jin kati."

Muryar ta ɗan tsaya mata a rai, kamar ta taɓa jin ta a wani wuri, amma ba lokacin tunani. Dattijon ya jawo wata ƙatuwar lasifika da aka kawo masa gyara, ya haɗa ta da batir, ya hura iska a makirufo. Ƙiii! Duk layin ya juyo.

"Jama'a, Baba mai rediyo ne. Minti biyar nake roƙo. Kai mai walda, ajiye gudumar nan, ƙarfen ba guduwa zai yi ba. Mai aski, kashe wannan tarin fukan naka, wanda ke kujerar dama can ba kyau ne ya dame shi ba. Uwar markaɗe, ke da kika fi kowa kukan ruwa, ga mai nemo miki shi. Duk wanda ya ƙi, kada in sake ganin wayarsa ko fankarsa a teburina."

Aka yi dariya. Matan da ke jiran markaɗe su suka fara. Wata mai goyo ta miƙa hannu da kanta ta kashe injin. Janareta ya yi tari biyu ya mutu. Mai walda ya yi ƙunƙuni, ya ajiye guduma. Injiniya ta ɗaga wa leburori hannu, biyu suka tare saman layin, biyu suka tare ƙasa. Direban katafila ne na ƙarshe, sai da mata suka yi masa ca sannan ya murɗa makulli.

Layin ya yi tsit.

Ba ta taɓa sanin akwai tantabaru a rufin shagon askin ba, sai yanzu da ta ji kukansu. Ta ji kwano yana ƙas-ƙas saboda zafin rana. Ta ji jaririn mai goyo yana tsotson yatsa, da silifas ɗin wani da ya gyara tsayuwa. Ta ji bugun zuciyarta a cikin hula.

Ta kafa sanda a mararraba. Ruwa ne ke tafiya, lumui, ba fushi. Ba nan ba ne. Ta hau sama taku goma, ta sake kafawa.

Sai waya ta ɗauki ƙara a aljihunta. Umma.

Layin ya fashe da dariya. "To fa! Mai dokar barci!" in ji mai walda. Ta kashe wayar, kunya kamar ta nutse. Baba ya ɗaga sukundireba sama, shirun ya dawo.

Taku goma kuma. Nan ta ji shi, can nesa, siriri, kamar ana zuba yashi a kan takarda. Ta riƙe numfashi. Taku biyar, ya zama huci. Taku biyar, ya zama tsaki mai tsawo da ba ya yankewa. Ta wuce gaba, ya ragu. Ta dawo baya, ya ƙaru. Ta karkata dama, ta bar kwalta, ta tsallake kwata, idonta a rufe, sandar ce ke jan ta. Tsinin ya sauka a kan siminti. Sautin ya cika mata kai har ƙarfen na rawa a tafin hannunta.

Ta buɗe ido. A bakin rumfar Baba take.

Ta tsaya. Mutum hamsin na kallon bayanta. Katafila ba ta san rabi ba. In ta sa haƙori a nan, daɓen da rumfar da rufin duk sun tafi. In kuwa ta ce ba ta ji komai ba, gobe da safe tana bayan tebur. Ta ja sandar baya kaɗan, zuwa gefen kwata, kamar mai neman wani abin da zai cece ta. Sautin ya ragu. Ƙarfe ba ya ƙarya.

"Ba nan ba, 'yata," Baba ya ce a hankali. "Shigo. A ƙarƙashin kujerata ya fi ƙarfi."

Ya tashi ya janye kujerar. Ta kafa sanda a gurbin. Ko kunne ba ta buƙatar sawa.

"Ka san da shi?"

"Wata huɗu ke nan. Da safe in na buɗe kafin layi ya tashi, ta ƙafar kujera yake hawo min. Da fari kamar rediyon da ba a kama tasha ba. Kullum yana ƙara murya."

"Baba, me ya hana ka kai ƙara? Da tun yana ƙarami, rami ɗan kamu biyu ya isa!"

Ya buɗe bayan wani tsohon rediyo da yake ajiyar takardu a ciki, ya zaro wata 'yar takarda mai ninki huɗu, ya miƙa mata. Rabin fom ne na teburin koke. A layin da aka ce a ina aka ga ruwan, an ja dogon zane. A ƙasa an rubuta da sauri: Babu alamar ruwa. A dawo in an gani. Rubutunta ne, da sa hannunta mai doguwar jela, wanda ta ƙirƙiro tun tana aji uku don ranar da za ta zama babba.

Yanzu ta tuna muryar. Wata ranar Litinin ce, layi har waje, wani mutum ya gama buga mata tebur. Dattijo ya zauna ya ce, 'yata, ni ban ga ruwa ba, ji nake yi. Ita kuma tana kallon bakinsa.

"Ba don in kunyata ki na ajiye ba," ya ce. "An ce in dawo in na gani. Ina ta jira in gani."

Ta rasa inda za ta sa idonta. A waje wani ya yi gyaran murya, wani ya tayar da babur, mai aski ya ja igiyar janareta. Ɗaya bayan ɗaya layin ya koma bakinsa. A ƙarƙashin tafin ƙafarta kuma hucin ya fara sanyi, ya yi ƙasa, ya ɗauke. An rufe ruwa.

Shugaban ya iso yana share wuya da hankici. Ya dubi rumfar, ya dube ta.

"Nan?"

"Nan, Yallaɓai."

"Kin tabbata? In aka rushe wa bawan Allah shago aka tarar da busasshiyar ƙasa, ba tebur ba, gida za ki."

"Na tabbata. Kuma ba ni na fara ji ba." Ta ɗauki gwangwanin jan fenti, ta durƙusa ta zana ɗan ƙaramin kuros a gurbin kujerar. "Amma katafila ba za ta shigo ba. Da diga za a tona."

"Da diga? Kin san awa nawa ke nan?"

"Na sani. Ni zan fara."

Shugaban ya dubi agogo, ya dubi matan da suka taru da bokitai a hannu suna jiran abin da zai ce. Ya ɗaga kafaɗa, ya ja da baya.

Ta ninke takardar ta sa a aljihun gaban rigarta, ta jingine sandar a bango, ta miƙa hannu a ba ta diga.

"Tsaya tukuna, Injiniya," in ji Baba. Ya ɗora mata wani ƙaton rediyo a hannu, mai nauyi kamar yaro ɗan shekara ɗaya. "A fara fitar da waɗannan. Ki bi a hankali, wannan jiya-jiya ya fara magana."