Ragowar Kaset

Injiniya ya jona makirufo uku a na'urar ɗaukar sauti mai layi takwas, ɗaya na gwaggonsa, biyu na 'yan amshinta. Tun da ta yi shanyewar ɓarin jiki waƙoƙinta suka ɓace mata, shi ya sa ragowar wani kaset ya saka, don gwajin murya kawai.

"Gwaggo, ɗan ce wani abu in daidaita."

Kawai sai ta ɗauko waƙar da aka shekara biyu ana fama ta tuno. 'Yan amshi suka kalli juna, suka karɓa.

Ya dubi agogon na'urar, saura minti uku kaset ya ƙare. In ya katse ta don ya sa sabo, wa ya san ko waƙar za ta dawo? Ana tsakiyar baiti na biyar kaset ya ƙare, jar fitilar na'urar ta mutu. Bai ko motsa ba har gwaggo ta dire waƙar.

"Ka kama, ɗan nan?"

"Rabinta kawai, Gwaggo," ya ce.

Ta ja tsaki. "To sa sabo mana! Ai yanzu tana bakina."